AN ƊINKE JIJIYA, SAURA HANJI

Daga wani Jami'in Ilmi

Akwai wata magana da na daɗe ina so in kawo gaban masu karatun wannan jarida, musamman 'yan'uwana malaman makaranta da ma'aikatan ofis. Na lura duk sa'ad da ciwo mai tsanani ya kama wani a ƙauye, mu a kan tura mu raka shi asibiti, wai mu ne muka yi karatu, mu ke jin bakin likita, mu muka san inda a ke sa hannu a takarda. To, wanda aka ɗora wa wannan kaya ya kamata ya san abin da zai duba in ya zauna bakin gado. Ni dai aikina horad da malamai ne, amma na yi kwana 26 ina jinya a asibiti, na yi ta tambayar likitoci, na kuma bi littattafai daga baya. Abin da na koya shi zan bayyana a nan, ko Allah ya sa ya amfani wani.

Ƙanen mahaifina, wanda mu ke kira Baffa, mutumin Dangamaji ne cikin ƙasar Jega. Manomi ne, da rani kuma ya kan sari albasa a Aliero ya kai Kudu. Ya haura shekara 70, taba kuwa tun yana saurayi ya ke shanta. Bara waccan ya tafi wani babban birni wurin babban ɗansa, don a duba masa hawan jini. Ran nan bayan magariba yana zaune bisa tabarma, sai ya ji kamar an soke shi da mashi a gadon baya, ciwon ya zagayo ciki, gumi ya keto masa, ya faɗi. Da aka kai shi asibiti aka ɗauki hoton cikinsa, sai likita ya ce babbar jijiyar jini ce ta tsage, in ba a shiga da shi ɗakin fiɗa a daren nan ba, ba zai ga asuba ba. Aka yi aikin cikin dare. Ni kuwa na iso wanshekare da hantsi, na tarad da 'yan'uwa ana ta yi wa juna barka, an buga waya gida an ce a yi sadaka, Baffa ya tsallake. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

UWAR JIJIYA

Kafin in ci gaba da labarin Baffa, bari in bayyana wannan jijiya. Cikin jikin ko wane mutum akwai wata babbar hanyar jini wadda ta taso daga zuciya, ta lanƙwaso, ta gangaro ta gaban ƙashin baya, har ta zo daidai cibiya ta rabu biyu, ko wane reshe ya nufi ƙafa guda. Likitoci suna ce mata awota, mu kuwa sai mu ce uwar jijiya, gama daga gare ta jijiyoyin da ke kai jini ga kai da hannuwa da kayan ciki da ƙafafu suka tsiro. Faɗinta a cikin ciki kamar santimita 2 ne, watau misalin kaurin babban yatsa. Zuciya kuwa tana bugawa wajen sau 100,000 ko wace rana, ko wane bugu kuma bangon wannan jijiya ne ke ɗaukar ƙarfinsa.

In mutum ya manyanta, bangon nan ya kan raunana a wani wuri, galibi ƙasa da inda jijiyoyin ƙoda suka fita, sai wurin ya riƙa kumbura a hankali kamar salka. In faɗin ya kai santimita 3 likitoci sun ce ciwon ya samu. In ya kai 5 da rabi ga namiji, su kan ba da shawara a yi aiki tun bai fashe ba. Abin ya fi kama maza waɗanda suka wuce shekara 65, da mashaya taba, da masu hawan jini, da wanda ubansa ko ɗan'uwansa ya yi irinsa. Mugun halin ciwon shi ne ba ya sallama. Mutum ya kan yi shekaru da shi yana noma yana fatauci bai sani ba, sai fa wani siriri ya kwanta rigingine ya ji wani abu na bugawa sama da cibiya kamar wata zuciya ta biyu.

Ran da ya fashe kuwa, cikin mutum 10 wajen 8 ba su tashi, da yawansu ma ba su isa asibiti. Waɗanda ke samun sa'a su ne waɗanda jijiyar ta tsage ta baya, gama naman da ke bayan ciki ya kan tare jinin na ɗan lokaci. Irin wannan sa'a ce Baffa ya samu.

YADDA AKA KOYI GYARANTA

Wannan ciwo ba ya duban girman mutum. Shahararren masanin nan Albert Einstein da shi ya mutu. Cikin Disamba 1948 wani likita mai suna Rudolf Nissen ya buɗe cikinsa a Amurka ya tarad da kumburin, amma a lokacin nan ba a iya musanya jijiyar ba, sai ya naɗe ta da wata irin takarda mai sheƙi don bangon ya ƙara kauri. Dabarar ta ba shi shekara 6 da 'yan watanni. Da jijiyar ta fashe ya ƙi yarda a sake yi masa aiki, ya rasu ran 18 ga Afrilu 1955 yana da shekara 76.

Tsakanin waɗannan shekaru ne aka sami hanya. Ran 29 ga Maris 1951 wani likitan Faransa, Charles Dubost, ya yanke kumburin daga cikin wani mutum a birnin Paris, ya maye gurbin da guntun jijiyar wani mamaci, mutumin kuwa ya rayu shekaru bayan haka. Ba da daɗewa ba likitocin Amurka, irin su Michael DeBakey, suka shiga amfani da bututun da aka saƙa da zaren Dacron, har yau kuwa ana aiki da irinsa. Cikin 1990 kuma Juan Parodi na ƙasar Ajantina ya zura bututu ta jijiyar matsematsi ya kafa shi cikin kumburin ba tare da an tsaga ciki ba. Yanzu hanyoyin nan biyu duka ana binsu. Sai dai ko wace aka bi, akwai wani haɗari da ke laɓe yana jiran kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, shi ne hanji ya rasa jini ya mutu.

MISALI DA LAMBUN ALBASA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a lambun albasa a fadamun Aliero ko na bakin Gulbin Zamfara wajen Jega zai gane wannan magana nan da nan. Ruwa ya kan taso daga inji ko jigo ya bi babbar hanya, sa'an nan a karya shi zuwa komaye. Ran da ruwa ya yi ƙaranci, komin da ke kusa da inji ya kan sha, na can ƙurya kuwa shi ke fara yaushi. In an toshe hanyar da ke kai masa ruwa, sai dai ya dogara ga abin da ya malalo daga maƙwabta.

Haka kayan ciki su ke. Jijiyoyi uku ne ke fita daga gaban uwar jijiya su ciyad da su. Ta sama tana ba tumbi da hanta da saifa. Ta tsakiya tana ba ƙaramin hanji da sashen dama na babban hanji. Ta ƙasa, wadda ta fi su ƙanƙanta, ita ke ba sashen hagu na babban hanji, inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita. To, wannan ta ƙasa daga daidai wurin da kumburin ke samuwa ta tsiro. Sabo da haka in an musanya wurin da bututu, sau da yawa a kan ɗaure ta, ko bututun ya rufe bakinta, ko a tarar ta riga ta toshe tun tuni. Ga yawancin mutane ba kome, gama akwai 'yan ƙananan jijiyoyi da ke bin gefen hanji suna kawo gudummawa daga ta tsakiya, da kuma daga jijiyoyin ƙugu. Amma ga tsoho wanda jijiyoyinsa suka ƙuntata, gudummawar ba ta isa kullum.

Ga wanda jijiyarsa ta fashe kuwa, abubuwa da dama ne ke taruwa a kan hanjin nan. Da fari ya zubad da jini mai yawa, jiki kuwa in ya ga jini ya ragu ya kan janye shi daga hanji ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Na biyu, likita ba ya iya ɗinki sai ya matse uwar jijiya da wani ƙarfe mai kama da awartaki, muddin kuwa tana matse jini ba ya gangarawa. Na uku, magungunan da a ke ba shi don jininsa ya hau su ma suna tsuke ƙananan jijiyoyin hanji. Na huɗu, gudan jinin da ya taru a bayan ciki da ruwan da aka yi ta ƙara masa su kan sa ciki ya cika ya ɗaure tamau, har ya danne jijiyoyin da suka rage. Don haka ne cikin waɗanda aka yi wa aikin a natse tun jijiya ba ta fashe ba, mutum 1 zuwa 3 ne cikin 100 ke gamuwa da wannan masifa, amma cikin waɗanda aka yi wa na gaggawa abin ya kan kai wajen 1 cikin 10.

Hanji ba ya mutuwa gaba ɗaya, daga ciki ya ke farawa. Fatar ciki mai laushi ita ke fara saɓulewa ta yi jini, wannan shi ne mataki na ɗaya, ya kan kuwa warke. In abin ya ci gaba sai ya shiga naman bangon, mataki na biyu ke nan, shi ma ya kan warke, ko da ya ke wani lokaci ya kan bar tabo ya ƙuntata hanya. Mataki na uku shi ne bangon ya mutu har waje. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan ne ƙwayoyin cuta da ke cikin bayan gida ke ƙetarawa su shiga ciki da jini. Waɗanda abin ya kai su wannan mataki, fiye da rabinsu ba su tashi ko an sake aiki, ko wace sa'a kuma aka ƙara ta jinkiri haɗarin ƙaruwa ya ke yi.

DAREN KWANA NA BIYU

Wahalar gane wannan ciwo ita ce babban mai kawo ƙara, watau ciwon ciki, an rufe masa baki. Mutumin da aka tsaga cikinsa jiya dole cikinsa ya yi ciwo, an kuma ba shi magani mai ƙarfi don kada ya ji. Wani ma yana barcin allura, inji na yi masa numfashi. Sai a koma ga waɗansu alamu, waɗanda mai jinya ya kan riga likita ganin wasunsu.

A daren kwana na biyu ni da autan Baffa mu ke kwana wurinsa. Wajen ƙarfe 1 na dare na farka na ga yaron ya fito da fo a rufe, yana sanɗa zai kai makewayi. Na tambaye shi, ya ce, "Yaya, Baba ne ya yi zawo, ya ce kada in ta da kowa." Na ce ya buɗe in gani, ya yi ta nuƙu-nuƙu, don a ganinsa tona asirin mahaifi ne. Da na haska fitila sai na ga ruwa-ruwa ne, ja mai duhu, da wari wanda ba irin na kullum ba. Yaron ya ce ai basir ne, Baba ya daɗe da shi, wannan ma shi ne na biyu, na fari ya riga ya zubar tun bayan lisha.

Ni a lokacin ban ɗauki abin da girma ba. Sai dai al'adar malanta ta bi jikina, ba na barin abu ya wuce ban rubuta ba, kamar yadda mu ke koya wa ɗalibai cika rajista. Tun ran da na iso ina da ɗan littafi a aljihu, ina rubuta lokacin da aka ba da magani da lokacin da aka juye jakar fitsari. Na rubuta wannan ma, na hana a zubar, na je na kira malamar jinya. Da ta gani ba ta ce kome ba, sai ta auna zafin jikinsa da bugun zuciyarsa, ta ɗaga waya ta kira likita.

Likita ya zo ya duba fo, ya taɓa cikin Baffa, ya karɓi littafina ya bi shi layi layi. Daga baya ne ya bayyana mini cewa bayan babban aiki irin wannan hanji ya kan yi kwanaki yana kwance bai motsa ba. In kuwa mutum ya yi zawo tun cikin kwana ɗaya ko biyu, balle da jini, to, sai a zargi hanji har sai an tabbata ba shi ba ne. Sauran alamun da ya lissafa mini su ne: ciki ya yi ta ƙara kumburi yana tauri, ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu, musamman ta hagu, zazzaɓi, zuciya ta riƙa gudu, jini ya ƙi hawa sai an yi ta ƙara ruwa da magani, numfashi ya yi sauri, hankali ya rikice, fitsari ya ragu. Mutum mai nauyin kilo 60 ya kamata ya fid da fitsari aƙalla mililita 30 a sa'a guda, watau kamar cokali 2 na cin abinci. Littafina kuwa ya nuna jakar Baffa ta yi sa'o'i ba ta tara abin kirki ba.

YADDA LIKITOCI KE TABBATARWA

Ba alama guda da ta isa hujja ita kaɗai, sabo da haka sai an haɗa da gwaji. Ana ɗibar jini a auna wani tsami da a ke kira laktet, wanda nama ke fitarwa in ya rasa iskar da jini ke kawo masa. Ga mai lafiya ba ya wuce 2 a ma'auninsu. Duk wanda ya zubad da jini da yawa nasa ya kan hau, amma ya kamata ya sauko in an mayar masa da jini da ruwa. In ya ƙi saukowa, ko ya sauko ya sake tashi, to, akwai naman da ke yunwa a wani wuri. Ana kuma ƙidaya fararen ƙwayoyin jini. Sai dai gwajin jini ya kan fito lafiya alhali hanji ya fara lalacewa, don haka ba a sakin jiki da shi.

Ana kuma auna yadda ciki ya ɗaure, ta robar fitsarin da ke cikin mafitsara. In ya wuce milimita 20 a irin ma'aunin da a ke auna hawan jini, ga kuma ƙoda ko huhu sun fara gazawa, a kan sake buɗe ciki don kayan ciki su sami sarari. Akwai kuma hoton kwamfuta mai nuna jiki yanki yanki, wanda ya kan nuna bangon hanji ya yi kauri ko iska ta shiga cikinsa, amma da farkon ciwo ba kullum ya ke rarrabewa ba.

Gwajin da ya fi ba da amsa shi ne a duba da ido. Akwai wata siririyar roba mai lanƙwasa, da fitila da madubi a bakinta, a kan zura ta ta dubura a hankali, ko a kan gadon marar lafiya ana iya yi. Da ya ke ciwon ya fi kama sashen hagu na ƙasa, robar tana isa inda ya ke. Lafiyayyen hanji ja ne garau mai sheƙi kamar cikin leɓe. Wanda ya fara yunwa ya kan koɗe, da dabbare-dabbaren ja da gyambo. Mataccen kuwa toka-toka ne ko baƙi. In mataki na ɗaya ne ko na biyu, a kan hana abinci, a ƙara ruwa, a ba da maganin ƙwayoyin cuta, a sake dubawa. In na uku ne, babu makawa sai a koma ɗakin fiɗa. Waɗansu asibitoci ma ba su jiran alama, duk wanda aka yi wa aikin gaggawa su kan duba hanjinsa cikin kwana ɗaya ko biyu, su kan kuwa sami masu ciwon fiye da waɗanda suka nuna alama.

GARDAMAR SA HANNU

Da gari ya waye aka duba Baffa, aka tarar wani yanki ya yi baƙi. Likita ya tara mu ya ce za a yanke wurin, a rufe guntun da ya rage ta ƙasa, a fito da bakin hanji ta gefen ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin jaka. Wannan dabara wani likitan Faransa ne, Henri Hartmann, ya bayyana ta cikin 1921. Dalilin da ya sa ba a haɗa bakin biyu nan take shi ne ɗinki ba ya kamawa a naman da jini bai wadace shi ba, in kuwa ya ɓalle, ƙazanta za ta malala kusa da sabon bututun da aka sa a jijiya, wannan kuwa masifa ce da ta fi ta fari.

Nan fa gardama ta tashi. Babban ɗansa ya ce shi bai yarda ba, shekaranjiya aka yanka tsoho, yau kuma a sake, ai wannan koyon aiki a ke da shi. Ya ce sai an ji daga bakin manya a gida. Aka shiga buga waya Dangamaji, wani ya ce a dakata har ya zo, wata ta ce ina mutuncin dattijo yana yawo da jaka. Har azahar ta gabato ba a sa hannu ba. Ƙarshe dai na shiga wurin Baffa, hankalinsa yana zuwa yana komawa, na durƙusa na ce, "Baffa, likita ya ce hanji ya lalace, in an cire akwai fata, in an bari babu." Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ku sa hannu." Aka yi aikin. Ya sha wuya ƙwarai, ƙodarsa ta yi kwanaki tana gardama, amma Allah ya tashi kafaɗunsa.

Har yanzu in na tuna na kan lissafa sa'o'in da muka ɓatar. Daga lisha zuwa ƙarfe 1 kunya ta cinye, daga safe zuwa azahar shawara ta cinye. Ba likita ne ya jawo ko ɗaya ba, mu ne.

ABIN DA YA FI KUSA DA MU

Wani zai ce ai wannan aiki ba a yinsa sai a manyan asibitocin koyarwa, ina ruwan mutumin Maiyama da shi? To, mutuwar hanji ba ta tsaya ga masu ciwon jijiya ba. A ƙasarmu hanyar da ta fi bi ita ce ƙaba, wadda in ta sauko a ke ce mata gwaiwa. Manomi ya kan yi shekaru da kumburi a matsematsi, in ya kwanta ya koma. Ran da hanji ya maƙale a ramin nan ya shaƙe, jini ya yanke masa, cikin wajen sa'a 6 ya kan fara mutuwa. Alamarsa ita ce kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri da zafi, ga amai, ga ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa. Haka kuma murɗewar babban hanji, wadda ta fi kama dattawa. Duk ciwo ɗaya ne da na Baffa, hanji ne ya rasa jini, magani kuwa sauri.

Mutanenmu ba su jinkiri ga ciwon da ido ke gani. In ƙafa ta karye, nan da nan a ɗauki mutum a nufi Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗori. Amma in ciwo na ciki ne sai a tsaya jiƙo da hayaƙi da ƙaho, a kwana biyu ana cewa iska ce. Ga asibitoci a Jega da Aliero da Maiyama. Ga Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da babban asibitin Tarayya a Birnin Kebbi. Ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, hanya ta bi ta Tambuwal da Bodinga. Wanda ya tashi da wuri, ko an tura shi gaba yana da sauran lokaci. Wanda ya kwana biyu a gida kuwa, tafiyar ce za ta cinye abin da ya rage masa.

ROƘONA GA MALAMAI

Sabo da haka ina roƙon duk wanda aka tura jinya bayan an yi wa nasa aikin ciki ya riƙe waɗannan abubuwa. Ya tafi da littafi da alƙalami, ya rubuta lokacin ko wane bayan gida da kamanninsa, da amai, da yawan fitsari. Kada a zubad da bayan gida mai jini ko baƙi sai ma'aikacin asibiti ya gani, kada kuma a yanke hukunci a ce basir ne. In an ce kada a ba da abinci, to, kada a saci jiki a ba da kunu ko fura ko jiƙo don tausayi. In an ga canji cikin dare a faɗa cikin dare, kada a jira zagayen safe. Tun ran da aka shiga asibiti dangi su tsai da mutum guda wanda zai sa hannu in bukata ta taso. Bayan an koma gida kuma, in bayan gida ya riƙa wuya ko jini ya dawo, ko da an yi watanni, a koma asibiti.

Sa'an nan a tuna rigakafi ya fi magani. A Ingila tun 2009 aka fara kiran ko wane namiji a shekarar da ya cika 65 a duba uwar jijiyarsa da irin na'urar nan da a ke duba mata masu juna biyu, aikin 'yan mintoci ne, ba yanka ba allura. Irin wannan na'ura akwai ta a asibitocinmu da yawa. Dattijon da ya daɗe yana shan taba, ko wanda ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo, ya roƙi likita ya duba shi. Wanda kuma ya ji abu na bugawa sama da cibiyarsa, kada ya yarda a danna wurin ko a yi masa tsaga. Malaman makaranta kuwa, in kun zo darasin kiwon lafiya, ku koya wa yara cewa faɗa wa likita abin da aka gani a bayan gida ba rashin kunya ba ne.

Baffa yana nan Dangamaji. Ya bar taba, ya bar fataucin Kudu, amma da rani ya kan sa a kai shi lambu ya zauna a inuwa yana yi wa jikoki faɗa in sun bar komin ƙurya ba ruwa. Ƙannensa biyu mun kai su an duba su, aka sami ɗaya da ɗan kumburi wanda bai kai na aiki ba, yanzu ana auna shi lokaci lokaci. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.